Ƙungiyar SAPC da masu bincike 'yan tasowa: abin da na samu, da abin da ba ta bayarwa

Ɗalibanmu masu digiri na uku a fannin lafiya a Birtaniya, da likitocinmu da suka zo koyon aikin likitan unguwa kuma zuciyarsu ke kan bincike, sukan tambaye ni ko akwai amfanin biyan kuɗi a shiga Society for Academic Primary Care, ƙungiyar masu koyarwa da bincike a kan kiwon lafiya a matakin farko, wadda kowa ke taƙaitawa da SAPC. Amsata ita ce a shiga, amma mutum ya san abin da yake saya da kuɗinsa tukuna, don kada ya je da tsammanin da ƙungiyar ba ta taɓa yi masa alkawarinsa ba.

Ni ba likita ba ce. Harhaɗa magunguna na karanta a gida, na yi aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, sannan Allah ya kawo ni Ingila karatu. Bincikena a kan tsofaffi masu hawan jini ne, musamman dalilan da ke sa su ajiye ƙwayoyinsu ba tare da sun gaya wa likita ba. Yawancin aikina zama ne a falon mutane da rikoda, ana shan shayi, ina sauraron yadda dattijo zai ce maganin yana sa shi jiri idan ya miƙe da dare, shi ya sa yake raba ƙwayar biyu. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san daga inda nake kallon ƙungiyar: daga ƙasa, ta idon wadda ba ta da kujerar farfesa, ba ta da babban tallafi, kuma sunanta bai kai ko'ina ba.

SAPC ƙungiya ce ta masu koyarwa da masu bincike a kan kiwon lafiya a matakin farko, a Birtaniya da Ailan. Ga wanda bai saba da fannin ba, yana da kyau ya san cewa fanni ne mai ƙarancin shekaru a jami'a. Kwalejin likitocin unguwa ta Birtaniya, RCGP, an kafa ta a 1952. Kujerar farfesa ta farko a duniya a wannan fanni sai a 1963 aka samar da ita a Jami'ar Edinbara, aka ba Richard Scott. A lokacin, tiyata da sauran fannonin babban asibiti sun daɗe da zama da gindinsu a jami'o'i. Har yau wannan tazarar tana nan a cikin yadda ake kallon mutane. Idan ka ce kana binciken ciwon daji a ɗakin gwaji, za a gyara zama a saurare ka. Idan ka ce kana binciken abin da ya sa tsohuwa ba ta komawa awon jini, sai a yi maka murmushin ladabi a canza zance.

Alhali a matakin farkon nan marasa lafiyar suke. A 1961 wani masanin kiwon lafiya, Kerr White, da abokan aikinsa suka fitar da wani lissafi da har gobe ake koyar da shi. Sun nuna cewa a cikin manya 1,000, a wata guda, wajen 750 za su ji wani ciwo, 250 za su ga likita, 9 za a kwantar a asibiti, mutum 1 tak ne zai kai asibitin koyarwa na jami'a. Ilimin likitanci kuwa galibinsa daga wannan mutum ɗayan ake tattaro shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan tagar ba da magani a ƙaramin asibiti ya san sauran 249 ɗin da fuskokinsu. Ƙungiya irin SAPC an yi ta ne domin masu nazarin waɗannan mutane su sami wurin da ba sai sun fara da kare kansu ba kafin su yi magana, kuma wannan shi ne abu na farko da na ji a jikina da na shiga.

Abin da mamba ke samu a aikace ba shi da wuyar lissafi. Akwai babban taron shekara-shekara da akan yi a watan Yuli, yana zagaya garuruwa. An yi shi a Exeter, an yi a Brighton, an yi a Bristol. Akwai tarukan shiyya-shiyya, ƙanana, masu sauƙin kuɗi. Akwai rukunoni na masu sha'awar abu ɗaya, kamar lafiyar ƙwaƙwalwa ko koyar da ɗaliban likita. Akwai tsarin haɗa ƙarami da babba domin ja-gora. Sai saƙonnin imel masu ɗauke da sanarwar guraben aiki da na tallafi.

A cikin waɗannan duka, taron shiyya shi ne wanda zan ce kada sabon shiga ya bari ya wuce shi. A nan na fara tsayawa gaban mutane da aikina. Ɗaki ne madaidaici, bai cika ba ma, shugabar zaman tana riƙe da kati mai nuna saura minti biyu. Hannuna na rawa har ina jin takardar tana motsi. Da na gama, wata farfesa mai furfura da ke zaune a gefen taga, wadda na sha karanta takardunta ban taɓa ganin fuskarta ba, ta ɗaga hannu. Na riga na shirya wa tambayar da nake tsoro, wato me ya sa mutanen da na yi hira da su ba su da yawa. Sai ta ce, a cikin duk abin da tsofaffin nan suka gaya miki, wanne ne ya fi ba ki mamaki? Na ce mata yadda da yawansu ke ɓoye wa likita gaskiya don suna ganin girmansa, ba sa son ya ji kamar ya gaza. Ta rubuta a littafinta. Lokacin shan shayi ta neme ni da kanta, ta karɓi takardar jadawalin taron daga hannuna, ta juya bayanta ta rubuta min sunayen mutum biyu da ke aiki makamancin nawa, ta ce in rubuta musu in ce ita ta turo ni. Ɗaya daga cikinsu yanzu muna rubuta takarda tare.

Na daɗe ina tunanin wannan al'amari, domin a ganina nan ne ainihin karramawar da mai tasowa yake bukata take. Babba ya ɗauki aikinka da muhimmanci har ya rubuta abin da ka faɗa, ya kuma ara maka sunansa ka buɗe ƙofa da shi. Ba a sanar da wannan a dandamali, ba a ɗaukar hoto, amma shi ke sa mutum ya koma ofis washegari da ƙarfin ci gaba. Abin da na yaba wa ƙungiyar shi ne ta gina tarukanta yadda irin wannan haɗuwa za ta riƙa faruwa ba sai an yi sa'a ba. Ana ba ɗalibi da farfesa minti iri ɗaya a zama ɗaya. Ana ware gajerun gabatarwa domin aikin da bai kammala ba, don kada a ce sai mai sakamako a hannu ne zai yi magana. Har akwai wani zama da aka saba yi a babban taron, inda ake ba mutum dama ya hau ya faɗi wani ra'ayi mai tayar da ƙura a kan yadda ya kamata a sauya aikin, jama'a su yi masa ca da tambayoyi. Na ga matasa sun yi fice a wurin fiye da manya, saboda ba su da abin da za su rasa.

Sai maganar lambobin yabo, wadda ita ce mutane suka fi tambaya. Wadda ta fi suna ga masu tasowa ita ce lambar Yvonne Carter, wadda SAPC da RCGP suka riƙa bayarwa tare. Farfesa Carter likitar unguwa ce da ta kai ga shugabancin makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Warwick, ta rasu a 2009 tana da shekara 50. RCGP tana kuma da lambar John Fry, sunan wani likita da ya yi shekaru da dama a unguwar Beckenham yana rubuta bayanan cututtukan marasa lafiyarsa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama madogara a kan yadda cututtukan yau da kullum ke farawa da yadda suke ƙarewa. Bayan waɗannan akwai ƙananan kyaututtuka da ake bayarwa a tarukan kansu, na gabatarwa da na fosta, wato taƙaitaccen bayanin aiki da ake liƙawa a allo.

Ban taɓa cin ko ɗaya daga cikin manyan ba, kuma ina cikin masu tafi da zuciya ɗaya idan aka kira wanda ya ci. Yabon gwani ya zama dole. Na ga abin da lamba ke yi wa mutum: layi ɗaya ne a takardar neman aiki, amma kwamitin ba da tallafi da ke da takardu jibge a gabansa yana tsayawa a kan wannan layin. Tana kuma gaya wa shugaban sashe cewa yaron nan ko yarinyar nan ba na saki ba ne. Ina jin daɗin cewa sunayen da aka raɗa wa lambobin na mutanen da suka yi aiki a unguwa ne, suka ga marasa lafiya da idonsu.

Duk da haka ina da magana a kai, kuma maganar ta shafi duk wata lamba irin wannan a ko'ina. Lamba tana zuwa wa mutum ɗaya ne a shekara, kuma bisa ɗabi'arta tana samun wanda ya riga ya fara haske: mai takardu a manyan mujallu, mai tallafi da sunansa, wanda ya faɗo a sashe mai ƙarfi a hannun malami mai faɗa a ji. Wanda ya shafe shekara biyu yana tsaftace bayanan wani babban bincike, sunansa ya fito na bakwai a jerin marubuta, ba shi da abin da zai cika fom da shi. Haka matar da ta tafi haihuwa sau biyu a tsakiyar digirinta, haka wanda ya zo daga wata ƙasa ya ɓata shekarar farko yana koyon yadda tsarin lafiyar nan ke tafiya. Da ni ce a kwamiti, zan so a riƙa auna abin da mutum ya yi da irin damar da ya samu, a kuma nemi shaidar waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, ba ta shugabanninsa kaɗai ba.

Ku ɗauki gwajin magunguna mai suna PRINCIPLE da Jami'ar Oxford ta jagoranta lokacin korona, daga 2020. An yi shi ne a kan mutanen da ke jinya a gidajensu, ba na asibiti ba. Shi ya nuna cewa azithromycin da doxycycline, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ba su da wani amfanin a zo a gani ga masu korona a gida, ya kuma nuna cewa budesonide, maganin asma na shaƙa, yana rage kwanakin jinya da kamar kwana uku. Wannan sakamako ya hana a yi ta ɗirka wa mutane maganin kashe ƙwayoyin cuta a banza, abin da ni a matsayina na mai harhaɗa magani ya fi faranta min rai. Amma aiki irin wannan ba farfesoshi kaɗai ke yin sa ba. Akwai ma'aikatan jinya masu buga waya suna bibiyar marasa lafiya, akwai masu kula da tafiyar gwajin, akwai matasan masana ƙididdiga da suka kwana a gaban kwamfuta. Yawancinsu ba likitoci ba ne, kuma yawancinsu a kan kwantiragi na ɗan lokaci suke.

A nan ne SAPC ta yi abin da ya sa na ci gaba da sabunta rajistata. Tana da rukuni na musamman mai suna PHoCuS domin masu bincike da ba likitoci ba: masana halayyar ɗan Adam, masana zamantakewa, masu ƙididdiga, masana tattalin arzikin lafiya, da irinmu. A sassan jami'a da yawa mu ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na aikin, amma hanyar ci gabanmu ba a shimfiɗe take kamar ta likita ba. Likita idan tallafi ya yanke zai koma duba marasa lafiya ya ci abinci. Mu idan ya yanke, sai neman wani aikin. Zama a ɗaki ɗaya da mutanen da suka san wannan damuwar, ana maganarta a fili, ana koya wa juna yadda ake neman tallafi na ƙashin kai, ya rage min kaɗaici ƙwarai. Ta tsarin ja-gorar ƙungiyar na sami wani malami a wata jami'a daban, wanda ba shi da hannu a digirina, saboda haka ina iya gaya masa abin da ba zan iya gaya wa mai duba aikina ba. Mukan yi magana ta bidiyo lokaci-lokaci. Shi ya fara ce min in daina karɓar kowane ƙaramin aiki da aka miƙo min don kunya, in zaɓi abu ɗaya da za a san ni da shi.

Abin da ƙungiyar ba ta bayarwa shi ne albashi, kuma wannan ya kamata kowa ya riƙe. Kuɗin bincike a Ingila galibi daga hukumar NIHR yake fitowa, wadda aka kafa a 2006, da makarantarta ta binciken matakin farko da ta haɗa wasu jami'o'i, sai gidauniyoyi masu zaman kansu. Su ke da guraben da ke saya wa likita lokacin bincike, su ke da tallafin bayan digiri na uku. SAPC za ta nuna maka ƙofar, ta haɗa ka da wanda ya taɓa shiga, wani lokaci ta yi magana da yawun masu tasowa a gaban masu iko. Ba za ta tsawaita maka kwantiragi ba. Ga baƙo kuma abin ya fi nauyi, domin takardar zamansa a ƙasar tana ɗaure da aikin. Na san mutane masu basira da aka tafa wa a taro a watan Yuli, kafin ƙarshen shekara sun bar bincike gaba ɗaya saboda haya da kuɗin makarantar yara ba sa jira. Wannan ciwo ne na tsarin jami'o'in ƙasar baki ɗaya, kuma yana ci min rai duk lokacin da na ga an rasa irin waɗannan mutane.

Batun kuɗi: rajistar zama mamba ba ita ce mai nauyi ba, babban taron ne. Ga kuɗin shiga, ga jirgin ƙasa, ga masauki a tsakiyar bazarar Turawa lokacin da otal ke tsada. Kada ɗalibi ya cire daga alawus ɗinsa kafin ya tambayi sashensa, domin yawancin sassa da masu ba da tallafin karatu suna da kason halartar taro, musamman idan an karɓi aikinka. A sayi tikitin jirgi da wuri. Idan an tanadi ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'ar da ke karɓar baƙuncin taron, sun wadatar.

Ga 'yan uwa Musulmi, a rubuta bukatar abinci a fom ɗin rajista tun farko, a kuma tambayi ɗakin salla a teburin karɓar baƙi; jami'o'in nan kusan duk suna da shi. A Yuli magariba sai bayan ƙarfe tara take yi, don haka azahar da la'asar ne za a tsara wa lokaci tsakanin zama da zama. Liyafar dare a tarukan ƙasar nan ba ta rasa giya, kuma gaskiya ana ƙulla zumunci da yawa a wurin. Ni nakan je in ci abinci in gaisa da mutane in tafi da wuri, sannan in rama da safe: wanda ya riga kowa zuwa wurin shayi yakan tarar da manyan su kaɗai, ba layi a gabansu. Fosta kuma kada a raina ta. Tsayuwa ce mai gajiyarwa kusa da allo, amma hirar da ake yi a nan ta fi ta bayan gabatarwa tsawo da zurfi. A wurin fosta wani dattijon likita daga Wales ya tsaya ya ba ni labarin Julian Tudor Hart, likitan ƙauyen masu haƙar kwal na Glyncorrwg, wanda ya bi baligan ƙauyen yana auna musu jini ba tare da ya jira sun zo da ciwo ba, kuma wanda ya rubuta a mujallar Lancet a 1971 cewa kulawa mai kyau takan yi ƙaranci a daidai inda aka fi bukatarta. Na san sunan a takarda, amma ban taɓa haɗa shi da tsofaffina masu raba ƙwaya ba sai ranar. Babi na biyu na kundina ya sauya saboda wannan tsayuwar.

Wanda ke gida Najeriya ko Nijar kuwa, ba zan ce ya canza naira ko sefa ya biya wannan rajista ba, sai dai idan yana da abokan aiki a Birtaniya da za su ɗauki nauyin zuwansa. Yawancin abin da ake tattaunawa a kan tsarin NHS ne, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, kuma amfanin ƙungiyar yana cikin haɗuwa ido da ido. Akwai na kusa da suka fi dacewa: ƙungiyar likitocin iyali ta Najeriya, SOFPON, da AfriWon, ta matasan likitocin iyali na Afirka a ƙarƙashin WONCA, ƙungiyar likitocin iyali ta duniya, da haɗakar PRIMAFAMED ta sassan koyar da likitancin iyali a jami'o'in Afirka. Mujallar African Journal of Primary Health Care and Family Medicine, da ake bugawa a Afirka ta Kudu, kyauta ake karanta ta a intanet. Abin da zan so manyanmu na gida su ara daga nan ba ya cin kuɗi: a ba ƙaramin likita ko jami'ar lafiyar al'umma minti goma a taro kamar yadda ake ba farfesa, a sa sunan wanda ya yi aikin a farkon takarda ko da shi ne ƙarami a sashen, kuma babba ya yi tambayar da za ta buɗe wa yaro baki maimakon wadda za ta rufe shi.

Ga wanda ke nan Birtaniya kuma ya yanke shawarar gwadawa, ya fara da taron shiyyarsa kafin babban. Ana rufe karɓar taƙaitaccen bayanin aiki na babban taron tun farkon shekara, cikin sanyi, don haka a fara rubutawa kafin hutun Disamba, a ba mai duba aiki lokaci ya gani. Ko aikin bai kammala ba a tura shi, a faɗi inda aka tsaya da abin da ya rage. Idan an karɓa, a duba jadawalin a fitar da sunayen mutum biyu ko uku da ake son gani, a rubuta musu gajeren imel mako guda kafin taron a nemi minti biyar lokacin shayi. Yawancin waɗanda na rubuta wa sun amsa.